Ƙuraje a Saiwar Wake

Shekara talatin Matyakub yana noman auduga a yankin Horazm, har gishiri ya cinye gonar, ta yi fari fat kamar an barbaɗa kanwa. Ɗansa Shonazar ya ce shi kam ya gaji, in bana ma ƙasar ta hana, Rasha zai tafi leburanci. Maganar nan ta hana uwarsa Bekposha sakat, don shi ke nan gare ta.

Ita ta nace aka wanke gefe ɗaya na gonar har sau uku a ƙarshen hunturu, a cika shi da ruwa ya nutse da gishirin. Ta jibga takin shanu, aka shuka koren wake.

Wata safiya sai ga Matyakub afujajan riƙe da tsiro, saiwar duk ƙuraje.

"Ga aikinki nan, sarauniyar manoma! Cuta ta kama. Gobe tarakta za ta kife shi."

"Haba Baban Shonazar, ganyen fa kore shar."

"Tun kafin in auro ki nake tuge auduga, ban taɓa ganin saiwa da ƙyanda ba!"

Bekposha ta dubi saiwar. Ta fizge tsiron, ko takalmi babu, sai gidan maƙwabciyarsu Gulandom, tsohuwar malamar gona. Gulandom ta fasa ƙurji ɗaya da farce, cikinsa ja-ja kamar nama. Ta tuntsire da dariya.

"Yaya, mijinki auduga kaɗai ya sani! Ɗakunan wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani. Su ke jawo taki daga iska su ciyar da wake. Gishiri na kashe su, ƙasa mai tauri na shaƙe su. In kin ga jan nan, suna raye suna aiki. Gonarki ta farfaɗo."

Bekposha ta dawo ta fasa wa mijinta da ɗanta ƙurji ƙarƙashin inuwar inabi, ta faɗa musu abin da Gulandom ta ce. Matyakub ya yi gyaran murya, wai dama shi ma ya so ya ce haka. Ji mutum!

Shonazar ya daɗe yana juya saiwar.

"Inna, wancan gefen da har yanzu yake fari, wanki nawa zai ci?"

"Uku. Amma fa sai ƙarshen hunturu."

"To, ki bar mini shi," in ji shi.