Ƙwaron da Ba Ya Tashi

Tun ina ƙarama ni ce mai fifita wa Dada wuta. Dada kakata ce ta wajen uwa, a hannunta na tashi a Kangire, kuma sana'arta zanen ƙwarya. Takan tura ƙarfenta cikin garwashi har ya yi ja, ta zaro, ta bi bayan ƙwarya da shi, hayaƙi na tashi. Ni kuma ina gefe da mafici. In na dawo daga karatun allo, nan nake zama. Ba ni da yawan magana, ita ma in tana aiki ba ta son surutu, sai muka dace.

Ƙarfen nan guda ɗaya ne, na uwarta ne, ƙotarsa ta yi baƙi ta yi santsi saboda riƙo. Kowa a gidan ya san ranar da hannun Dada ya gaji, akwai wadda za ta miƙa wa. Ban taɓa tambaya ba, don ban ga wata ba sai ni.

Zanen da ya sa ake zuwa wurinta har daga Birnin Kudu na wani ƙwaro ne. A ƙwaryar da uwa ke ba 'yarta ranar tarewa ake sa shi, don Dada ta ce ƙwaro ne da ba ya bari a taka shi. Da damina takan ja ni bakin gonar Bappa Maikano, wajen duwatsu, ta nuna mini ƙwari. Ta ce baƙaƙen nan gida-gida suke kamar mutane. Akwai gidan buzuzu, gajeru masu ƙiba, kai kamar bakin fartanya, aikinsu tura kashin shanu. Akwai masu cin furen wake, dogaye masu laushi, waɗanda in ka murƙushe su fatarka ta yi bororo. Sai gidan mafarauta, kuma namu shi ne babbansu. Ya kai tsawon ɗan yatsa, ƙafafu dogaye, ƙugu siriri kamar an ɗaure shi da zare, baki kamar awartakin maƙeri. Bayansa layi-layi ne kamar kunyoyin gona, da farin ɗigo huɗu, biyu wajen kafaɗa, biyu can baya. Ba ya tashi sama, gudu yake yi. In an matsa masa sai ya ɗaga bayansa ya fesa wani ruwa mai warin tsami da ke ƙona ido. Ni kaɗai Dada ta koya wa wannan.

Shekarar da mahara suka yawaita a kudu, aka kawo mana Batulu daga Farin Dutse, can ƙasar Gwaram. 'Yar kawuna Iliyasu ce, wato taubashiyata, don haka tana da izinin tsokanata yadda ta ga dama, kuma ba ta yi wasa da izinin ba. Ranar farko ta juya sunana Kubra ya koma Kurma. Rana ta biyu ta zauna a tabarmar Dada, daidai inda nake ajiye gwiwata, tana ba ta labarin wata akuyarsu da ta ci rawanin liman. Dada ta yi dariya har ƙarfen ya huce a hannunta. Ni ban taɓa sa ta dariya irin wannan ba. Na ƙara wa wutar fifita har toka ta tashi.

Abin da ya fi ci mini rai hannunta ne. Dada ta ba ta sakaina ta gwada, sai ga layi ya fito siriri, a miƙe, kamar ta shekara goma tana yi. Ni nawa layin kullum sai ya yi rawa, wani wurin ya ƙone da yawa. Nakan tashi da sassafe in gwada a bayan rumbu inda ba mai gani, amma hannun bai canza ba.

Da damina ta zagayo, idon Dada ya yi rauni, hannunta ya fara karkarwa. Sai ga Inna A'i daga Kiyako da ƙwarya sabuwa, tana son a yi wa 'yarta ƙwaron. Bayan ta tafi Dada ta ba kowaccenmu sakaina, ta ce mu zana mata shi, wadda ta ga ya dace ita za ta yi na A'i, kuma ƙarfen ya zama nata.

Batulu ba ta taɓa ganin ƙwaron da ransa ba, sai a tsofaffin ƙore da zanensu ya shafe. Ina kallonta ta yi masa jiki mai kyau, sannan ta buɗe masa fukafukai biyu manya, ta cika su da ado. Na yi murna a raina, don na san ƙwaron ba ya tashi. Na sunkuya na yi nawa a hankali, ƙugu, awartaki, kunyoyi, ɗigo huɗu. A ɗigo na ƙarshe ƙarfen ya huda sakainar.

Dada ta karɓa, ta bi kowanne da yatsa. Da ta zo kan fukafukan ta yi dariya, ta ce wannan ai buzuzu ne ya sha kwalliyar salla. Da ta zo kan nawa ta daɗe tana shafawa, ta ce shi ne, ba abin da ya ɓace. Sai ta ɗauki ƙarfen ta ɗora a cinyar Batulu.

"Ƙwaro ana nuna shi a wuni ɗaya," in ji ta. "Hannu kuwa ban san yadda ake nuna shi ba. Kubra, gobe ki kai ta gonar Maikano ta gan shi."

Ƙarfen ya tafi, kuma abu ɗaya da ya rage tsakanina da Dada, shi ma an ce in ɗauka da hannuna in kai mata.

Washegari da hantsi muka tafi, ƙasa da sauran laima. Batulu tana gaba tana cewa Kurma za ta zama malama yau, a kawo allo. Na wuce buzuzu ban nuna mata ba, na wuce masu cin fure. A gindin wani dutse na gan shi yana bin gara, baƙi wuluk, ɗigonsa fes. Na nuna da haɓa. Batulu ta durƙusa ta bayansa, ta kai fuskarta kusa don ta ƙirga layukan, ya kuwa ɗaga bayansa.

"Batulu, idonki!"

Na fizgo ta, ruwan ya sauka a hannuna. Ya yi zafi kamar an shafa barkono. Ta kalle ni, ta ce ashe Kurma na da murya. Sannan na ce ta koma ta gabansa, ta koma, ta tambaye ni ina fukafukan. Na ce a rufe suke, ba sa buɗuwa. Ta tambayi yadda ake bambance shi da sauran, na gaya mata duka, gida-gida, kamar yadda aka gaya mini. Ina cikin magana yatsanta na tafiya a kan yashi. Kafin in rufe baki ga ƙwaron a ƙasa, da ƙugunsa da gudunsa, kamar zai tsere. Shekaru nake kallonsa, ita kallo ɗaya ta yi.

Washegari ta zauna a tabarmar Dada da ƙwaryar Inna A'i a cinya. Dada na jingine da bango tana sauraron ƙarar ƙarfen a kan ƙwarya, tana gyaɗa kai. Da Batulu ta zo kan bayan ƙwaron sai ta tsaya, ta tambaye ni ko ɗigon baya sun fi na kafaɗa girma. Na ce sun fi kaɗan. Ta ce to, ta miƙo mini ƙarfen wai ya huce. Na karɓa ta ƙotar, na ɗan riƙe, na tura shi cikin garwashi, na ɗauki mafici.