Sojan Waƙa ta Biyar

A wani tsohon filin ƙwallo da ke bayan tashar jiragen ruwa ta Valparaíso aka shirya ɗaukar fim ɗin, da la'asar, don a samu hasken rana. Fim ne na wata ƙungiyar kiɗan metal, kiɗan nan mai tsananin ƙara da ganga: za a ɗauki wasansu na gaske gaban jama'a, a saka labari a ciki. A waƙa ta biyar wani soja zai hau dandamali ya harbe mawaƙin, Hernán. Maritza, mai ba da umarni, ta hana a sanar da 'yan kallo. Tsoro na gaske take so a fuskokinsu.

Nibaldo ne sojan, ɗan wasan kwaikwayo mai shekara hamsin da takwas.

"Baba Nibaldo, wannan tumbin naka a wace runduna ya yi aiki?" in ji Hernán, ana ɗaura masa jakar jinin ƙarya a ƙirji.

"Rundunar cin empanada, ɗana. Kai dai ka faɗi da kyau, kada ka ɓata mini harbi."

Waƙa ta biyar ta zo, mutum dubu biyu na ta tsalle suna bangazar juna. Nibaldo ya fito, ya ɗaga bindiga, ya harba. Hernán ya faɗi, jini ya jiƙa rigarsa. Makaɗan suka ci gaba kamar yadda aka tsara.

Wani ƙato daga cikin 'yan kallo ya tsallake shinge, ya cafki ƙafar Nibaldo, ya fizgo shi ƙasa. Kansa ya bugi bakin dandamali. Kafin masu tsaro su iso, taron ya rufe shi. Suna tattaka shi da takalma masu nauyi, wani yana zabga masa bel mai ƙusoshi a fuska. Yana cewa fim ne, amma gangar ta cinye muryarsa.

Hernán na kwance, ido ɗaya a buɗe. Muryar Maritza ta shigo ta na'urar kunnensa.

"Kwanta abinka. Masu tsaro za su ciro shi. Sau ɗaya za mu samu wannan."

Ya hango hular sojan tana yawo a sama, babu kai a cikinta. Ya miƙe ya ɗauki makirufo.

"Ku ƙyale shi, 'yan'uwa, wasa ne."

Ganinsa a tsaye sai ihu ya ƙaru, babu wanda ya ji abin da ya ce. Ya yi tsalle cikin taron. Suka tare shi da hannuwa yadda suka saba yi a wasa, suka shiga miƙa shi baya a saman kawunansu, nesa da Nibaldo. Ya yi ta shuri da ƙafa har ya fasa wa wani leɓe, sannan suka sake shi. Ya rarrafa tsakanin ƙafafu, aka take masa yatsu, ya isa ya kife a kan dattijon.

Sau huɗu ya sha duka a haƙarƙari kafin wata mata ta gane gashinsa. Ta ja na kusa da ita baya, shi ma ya ja wani. A hankali fili ya buɗe, gangar ta tsaya.

Idon Nibaldo na hagu ya fashe, haƙoransa biyu na cikin ƙura. Hernán ya kara kunne a bakinsa, ya daɗe a haka.

"Yana numfashi," ya ce. "Ku buɗe hanya, a kawo mota."