Matashin da Alawa ke Kwana a Kai

Muhsina ce mace ta uku da ta dawo gidan su Rahama da ƙorafi. Ko zama ba ta yi ba ta janye mayafi ta nuna ƙasan damtsenta. Wani tabo ne ja, zagayayye kamar an ɗora kwabo, bakinsa duk ɓawo.

"Kwana goma da ƙunshinki, Rahama. Don Allah me kike zubawa a lallen nan?"

Shekara huɗu Rahama tana sana'ar ƙunshi a Gumel, ba a taɓa yi mata wannan tambayar ba. Kafin la'asar zance ya zaga unguwa, wai rinin gashi take haɗawa don zane ya yi baƙi da wuri. Washegari Hajiya Amarya ta garin Ɗanzomo, wadda ta ba ta aikin ƙunshin bikin 'yarta da na ƙawaye goma sha biyu, ta bugo waya.

"'Yar nan, ba zan kai yarinya ɗakin miji da ƙuraje ba. Daga nan zuwa Juma'a ki gaya mini abin da ke cikin lallenki, in ba haka ba zan nemi wata."

Rahama ta ajiye wayar. In bikin nan ya kuɓuce mata, ta san babu macen da za ta sake miƙo mata hannu. Ta ɗauki 'yar kyanwarta Alawa ta rungume a wuya, kamar yadda ta saba in ranta ya ɓaci. Abdulfatah ne, direban da ke neman aurenta, ya kawo mata ita cikin kwali wata biyu da suka wuce, ya ce ta riƙa kallonta in ya tsallaka Nijar da kaya.

Tana cikin kuka zuciyarta ta tsaya kan mutum ɗaya: Zubaida. Maƙwabciyarta ce, ita ke sayo mata lalle duk Alhamis a kasuwar Maigatari, kuma kwanan nan ita ma ta fara zana wa mata a tsakar gidansu. Sai Rahama ta shiga tuno abubuwa. Ranar nan Zubaida ta kawo ƙullin lallen a kwance. Wancan makon ta tambayi ranar bikin Ɗanzomo har sau biyu. Hatta murmushinta, da ta sake auna shi, sai ta ga kamar akwai wani abu a ƙarƙashinsa.

Ta yafa gyale ta shiga gidan ko sallamar kirki babu.

"Me kika zuba mini a lalle?"

Zubaida ta ɗago daga tsintar shinkafa. "A'a, yau kuma da wacce aka tashi? Buhu ɗaya muke ɗiba ni da ke. Nuna mini mace ɗaya da na yi wa ta fito da tabo."

"Ai shi ya sa! Naki lafiya lau, nawa ne mai ciwo."

Zubaida ta ƙura mata ido, sai ta nuna ta da cokali. "To malama mai bincike, wannan na wuyanki fa? Ko a wuya kike ƙunshi yanzu?"

Rahama ta shafa ƙasan kunnenta. Kwana uku tana sosa wurin, ta ɗauka zafi ne ya feso mata.

Innarta ta ce bakin mutane ne, a nemo rubutu. Ita dai ta wuce asibitin unguwa. Malamar asibitin, Sharifa, ta juya wuyan wajen haske ta duba, sannan ta tambayi inda na matan da ta yi wa ƙunshi ya fito.

"A ƙasan damtse."

"Inda kika zana lalle?"

Rahama ta girgiza kai. "A'a. Zanen bai kai nan ba."

"To lalle bai yi laifi ba. Makero ne, kuma ɗaukarsa ake yi, daga mutum ko daga dabba. Akwai dabba a ɗakinki?"

"Babu," in ji Rahama, da saurin da ya ba ta mamaki ita kanta. Ta karɓi maganin shafawa ta fito.

Tana ɗaga labulen ɗakinta ta ga abin da ta ƙi faɗa. Akwai wani matashi mai laushi da take ɗora wa mata a cinya su kwantar da damtse, don kada hannu ya gaji zane ya ɓaci kafin ya bushe. Da shi take alfahari, sauran masu ƙunshi ba su da wannan gatan. Ga Alawa nan a kansa ta naɗe tana barci. Rahama ta durƙusa ta buɗa gashin bayan kunnenta. Wuri ne zagayayye, ba gashi, sai ɓawo fari. Akwai wani a ƙafar gaba.

Ta kira Abdulfatah a waya. "Ka san tana da ciwo ka kawo mini ita?"

"Wa? Alawa? Wallahi a tasha na tsince ta tana rawar yunwa. Na ga kunnen, na ɗauka faɗa ta yi. Haba Rahama, ni zan kawo miki cuta?"

Ta ji yadda muryarsa ta karye, ta kuma yarda da shi.

Ta sa kyanwar a kwando ta tari adaidaita zuwa asibitin dabbobi. Mai adaidaitan ya leƙa ya ce, "Hajiya, ita ma kujera za ta biya?" Likitan dabbobin ma sai da ya dara, ya ce rabonsa da mara lafiyar da ba ta da ƙaho ya manta. Amma ya duba ta tsaf, ya tabbatar makero ne, ya ba da maganin wanka da na shafawa, ya ce a killace ta makonni, matashin kuma a rabu da shi.

Ranar Juma'a Inna ta zauna kusa da Rahama ta rage murya. "Ki ce wa Hajiya kin canja mai kawo miki lalle, shi ke nan. Wa zai kawo hannunsa gidan da aka ce kyanwa mai ciwo na kwana a kayan aiki?"

Da sauƙi kam. Unguwa ta riga ta ji ta tana yi wa Zubaida ihu, kowa zai yarda. Rahama ta daɗe tana kallon katangar da ta raba gidajen biyu, sannan ta danna lambar Hajiya.

"Hajiya, lallena lafiyarsa ƙalau, wadda ke kawo shi ma ba ruwanta. Sakacina ne." Ta zayyana mata komai, har da na wuyanta.



"Kyanwa," in ji Hajiya Amarya. "Ikon Allah. To ranar Laraba ki zo in ga wuyan da idona. In ya kama hanyar warkewa, ki rufe shi ki yi aikinki. Matashi kuma muna da namu, kada ki ɗauko mana ko tsumma."

Rahama ta share ido, ta ɗauki matashin ta cinna masa wuta a bayan gida. Hayaƙin ne ya sa Zubaida leƙowa ta kan katanga.

"Lallen nawa ake ƙonawa?"

"Yaya Zubaida, ki yafe mini."

"Yau kuma ni ce Yaya?" Ta taɓe baki. "Ƙawaye goma sha biyu, hannunki biyu. Ki tanadar mini wuri a motar Ɗanzomo, sai mu yi maganar yafiya a hanya."