Mala'ika Mai Fiffike Ɗaya

Ban yi wa Mama ƙarya ba. Na ce mata na samu aikin Asabar a wata coci a unguwar Ardwick, kuma ginin coci ne, har da hasumiya. Abin da ban faɗa ba shi ne an daɗe da daina sujada a ciki. Wasan barkwanci ake yi wa 'yan yawon buɗe ido, ƙarfe biyu na rana.

A wasan, wai an zaftare kasafin Sama, kamar yadda aka zaftare awannin library ɗin da nake ɓuya a ciki. Dennis, wani Bature mai tumbi, shi ne Bitrus mai tsaron ƙofar Sama. Ni ce mala'ikarsa, fiffikena ɗaya, ɗayan zaftarar kasafi ta tafi da shi. A wasan ba na magana, shi ya sa na karɓi aikin. Dennis ya kira baƙi su hau dandamali su cika form, ni kuma in buga hatimi: ba su cancanta ba. Nan ne kaɗai nake tsayawa gaban mutane ba tare da tsoro ba, kuma na san ranar da Mama ta gani, aikin ya ƙare.

Ranar nan na leƙa ta labule, sai na ga zannuwa iri ɗaya har layi biyu. Zumuntar mata ce ta Birmingham, sun zo wa su Mama ziyara, Mama kuwa ta kawo su ganin cocin Kaneng ɗinta. Shugabarsu, Mama Celestina, ta rungume tulun kiɗa a cinya. An sayar musu da tikiti a ƙofa, suka ce ai cocin Turawa ce, kuɗin baiko ma tun daga waje ake karɓa.

Dennis ya fito da gemun auduga. Yana da wata tambaya da yake buɗe wasa da ita, kowa ya yi dariya, don duk ɗakin baƙi ne: “Akwai baƙi a cikinmu yau?”

Mata goma sha huɗu suka miƙe.

Mama Celestina ta gyara ɗankwali, ta isar da gaisuwar 'yan'uwa na Birmingham, da ta fastonsu, da ta matar fasto. Sannan ta ce, kamar yadda aka saba in an je baƙunci, suna da waƙa ta musamman. Kafin Dennis ya buɗe baki tulu ya ɗauka, bum, bum. Suka taho a jere suna rausaya, wata ta rangaɗa guɗa. Wasu 'yan Japan suka ɗaga wayoyi, wani tsoho ɗan Jamus ya bi bayan layi yana tafi ba kan kiɗa ba.

Dennis ya tare ƙofar kwali. “Sorry, ladies, Sama a rufe take. Talata kawai muke buɗewa, sha ɗaya zuwa sha biyu.”

“Daga Birmingham fa muke!” in ji Mama Celestina. “Awa biyu a motar coach! Rhoda, wane irin fasto ne wannan?”

Rhoda sunan Mamata ne. Form ɗin da Dennis ya miƙa mata take karantawa a fili: “Ka tabbatar ka mutu? Kawo shaida biyu, da takardar wuta mai adireshinka.” Kafaɗarta ta fara rawa don dariya. Watan jiya ta cika irinsa na neman tallafi, shafi talatin, da aka rage mata awannin aiki. Sai ta ɗago, ta gan ni.

“Kaneng.”

“Na'am, Mama.”

“Wannan ce cocin?”

Dennis ya zungure ni, in buga hatimi. Takardar Mama a gabana, mutum ɗari suna kallo. Na ajiye hatimin. Muryata ta fito siririya kamar ta sauro, amma ta fito.

“Malam Bitrus, wannan uwata ce. In ban buɗe ba, ni ce ba zan shiga gida ba.”

Na ja ƙofar, ta ɓalle gaba ɗaya ta faɗa kan Dennis. Ɗakin ya ɓarke. Tulu ya sake ɗauka, zumunta ta shige Sama, ɗan Jamus a bayansu, suka ɓulla ɗakin ajiye tsintsiya.

Muka hau bas ɗin Stockport Road ni da Mama, har muka kusa Longsight. Ni dai ina ta karanta tallan da ke saman taga, sau biyar.

“Gemun nan,” ta ce, “Allah ya yafe masa.”

“Amin, Mama.”

“Lahadi a bencin gaba za ki zauna, inda zan gan ki.”

“To, Mama.”

Ta danna ƙararrawa, ta tattara jakarta. “Kuma ki kawo fiffiken gida in auna. Ina da sauran farin leshi. A gaban mutanen Birmingham, 'yata da fiffike ɗaya kamar kazar da mota ta taka!”