Sifirin Ƙofar Gareji

Ina kan keken ɗinki ƙanina ya shigo ba sallama. Ya ce, "Yaya, jirgin ya faɗi." Ban tambaye shi labarin mijina ba, fuskarsa ta gaya mini.

Shekara shida baban yarana yana haɗa ɗan jirgin nan a garejin gidanmu. Sau tara ya tashi da shi lafiya. Damuwarsa ɗaya: in yana sama hancin jirgin yakan karkata hagu, sai ya yi ta danne fedar dama har cinyarsa ta ƙage. Ni nake matsa masa ita.

Niyyarsa ya liƙa ɗan fallen gwangwani a gefen wutsiya, ya lanƙwasa kaɗan, iska ta yi sauran. Amininsa mai walda, wanda suke kira Injiniya, ya tuntsire da dariya.

"Gwangwani? Jirgi kake ko facin bokiti? Sa sifirin a wayar feda ya riƙa ja maka."

Na kawo musu ruwa, na tarar da Injiniya yana kwance sifirin ƙofar garejin. Na ce, "Ƙofar fa?" Ya ce, "Uwargida, ki tsaya a zarenki."

Masu bincike suka ce ƙugiyar sifirin ce ta zame wajen sauka, ta maƙale feda. Injiniya ya rantse bai taɓa jirgin ba. A zaman makoki har ya fi ni kuka.

Da aka dawo mini da tarkacen, na tsinto sifirin. Ranar Asabar na sa ƙanina ya ciro ƙofar, muka kai ta fili inda masu ƙananan jirage ke taruwa. Injiniya na durƙushe ƙarƙashin jirgin wani. Na ɗora sifirin a gurbinsa jikin ƙofar, ya zauna daram, koren fenti ɗaya.

Na ce, "Injiniya, na bar zarena. Sake rantsuwar a gabansu."

Mai jirgin ya karɓe sifanar hannun Injiniya.

Yanzu Injiniya tagogi yake waldawa a bakin titi. Ya turo matarsa neman gafara, na ce ya zo ya faɗa da bakinsa. Bai zo ba.

Sifirin na ɗaure da makullin shagona. Kullum da safe nakan tsaya a ƙofar Injiniya in kaɗa shi, in ce, "Injiniya, ya aiki?"