Tafin Aro

Ana gobe muƙabalar ƙarshen shekara Gen Kalsang, wato Malam Kalsang, ya rungumi tukunyar narkakken man shanu da hannu biyu, babu tsumma. Dattijon da ya koyar da rabin sufayen gidan ibadar nan cewa duk abin da ido ke gani daga zuciya yake, sai ga shi yana tsalle a madafa yana ihu kamar an taka jelar kare.

Gen Wangdak, abokin jayayyarsa tun suna samari, ya leƙo ta taga.

"Sannu, tsoho. Zuciya ce ta ƙone ko hannu?"

Abin da ke damun Kalsang ya wuce zolaya. Ƙirjinsa ya daina jure sanyin dutse, an riga an yanke cewa bayan bikin sabuwar shekara za a sauke shi ƙauyen ƙanwarsa, can cikin kwari. Wannan ce muƙabalarsa ta ƙarshe, kuma tun da yake bai taɓa kayar da Wangdak ba, mutumin da ya kafe a kan cewa dutse dutse ne, ko da zuciya ko babu. Bana ya tanadi hujja, ya ɓoye ta ko garu bai gaya wa ba. To amma mai tambaya a tsaye yake yi, ya buga ƙafa, ya tafa hannu. Tambayar da ba tafi ba tambaya ba ce, hira ce, mai amsa da ke zaune yana iya share ta. Ga hannayensa an naɗe su da tsumma, kowanne ya kai girman kan jariri.

Shugaban gidan ya yarda a ara masa mai tafi. Da safe fili ya cika, aka fito da wani ƙaton sufi daga ɗakin ganguna. Kalsang ya ja numfashi ya ce, "Idan har abin da..." sai fau! Ya sake farawa, ƙaton ya sake fau, har tantabaru suka watse daga rufi. Da ya kai ƙarshen tambayar kuwa, inda ake neman tafin, mutumin ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Haba!" in ji Wangdak daga mazauninsa. "Ku janye wannan kafin ya kurmantar da mu. Ni zan tafa masa. Na san inda yake shan iska tun kafin gashinsa ya yi fari."

"Kai ake tambaya fa," in ji shugaban.

"Baki ake tambaya. Hannuna zaman banza yake yi."

Ba a taɓa ganin haka ba, amma babu littafin da ya hana. Kalsang ya buga ƙafa.

"Bara ka yi mafarki bijimin yak, san nan mai gashi na kan dutse, ya biyo ka, ka faɗo daga gado ka fasa goshi. Haka ne?"

Wangdak ya yi wani ɗan tafi na raini, da yatsu biyu. "Na yarda."

"Bijimin yana cikin ɗakinka?"

Tafin ya ɗan ƙaru. "Ba ya ciki."

"Amma tsoron na gaske ne?"

"Na yarda. Ka yi sauri, gwiwata ta sage."

"Shayin safen nan, kai ka ce gishiri ya yi yawa, ni na ce babu gishiri sam. Tukunya ɗaya?"

Fau. "Ɗaya."

Kalsang ya matso, tari na neman sarƙe shi, ya danne. Ya ɗaga naɗaɗɗun hannayensa sama.

"Ka ji tsoron abin da babu, ka ɗanɗani abin da ni ban ɗanɗana ba. To nuna mini abu ɗaya tak da ka taɓa sani ba ta hanyar zuciyarka ba!"

Tirƙashi! Tafin da Wangdak ya saki ya fi na ƙaton nan ƙara. Har ya ɗaga daga mazauninsa, hularsa ta faɗi, fuskarsa ta washe irin ta wanda ya ga gwanin kokawa ya yi kaye mai kyau. Sai a lokacin ya tuna shi aka kayar. Ya buɗe baki zai ce dalili bai tabbata ba, amma dariyar fili ta riga shi. Sufaye suna dukan cinya, shugaban ya rufe fuska da mayafi, kafaɗunsa na rawa.

"Hannun ne ya yarda, ba ni ba," in ji Wangdak.

"Hannun wa?"

Wangdak ya dubi tafukansa da suka yi jajur. Kalsang ya yi nasara. Ya tsaya yana jiran daɗin ya zo, sai ya tarar baƙin ciki ne ya cika shi, don a ƙauyen ƙanwarsa kowa zai ce masa "haka ne, Gen," ko da ya ce akuya na tashi sama.

Wangdak ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe, ya dubi shugaban.

"Ban ba da amsa ba tukuna. Kuma mai tambaya ba ya barin gida sai an amsa masa. A dawo da gadonsa kusa da murhuna, ɗakina ya fi ko'ina ɗumi."

"Yaushe za ka amsa?" in ji Kalsang.

"Kada ka matsa mini, tsoho. Ka san ni da jinkirin tunani."