Hannun Kawu Lencho a Tafkin Ilopango

Sau uku Idalia ta gaya wa kawunta kafin a busa usur ɗin fara gasar iyo: kada ya taɓa ta. Ko ya ga tana amai, ko ya ji tana kuka, gorar ruwan nan mai kofi a baki kaɗai zai miƙo mata. Duk wadda ɗan rakiyarta ya taɓa ta fita daga gasa.

"Na ji, 'yar boko," in ji Kawu Lencho. "Shekara arba'in ina su a tafkin nan, yau ke za ki koya mini zaman kwale-kwale."

Iyon kilomita goma ne, kuma mata biyu na farko kaɗai za su wakilci ƙasa. Shekara shida Idalia tana jiran wannan safiya. Sauran 'yan matan daga manyan unguwannin babban birnin ƙasar, San Salvador, suka zo, kowacce da kocinta. Ita kuwa sai ƙanen uwa da jirgi mai ƙarnin kifi, kuma ba ta ji kunyar haka ba.

A kilomita ta takwas ita ce a gaba. Harshenta ya kumbura, hammatarta ta saluɓe, duk ba ta damu ba. Sai jijiyar sharaɓarta ta hagu ta ɗaure tamau. Ta san maganinta: ta juya rigingine, ta saki jiki, ta rufe ido har jijiyar ta sake.

Abin da ba ta taɓa yi a gaban kawunta ba ke nan. A wurin masuntan Ilopango, wanda ya kwanta a kan ruwa ba motsi ba a tsayawa tambayarsa lafiya. Mutum goma sha ɗaya Lencho ya tsamo a rayuwarsa, huɗu kaɗai suka sake numfashi.

Ji ta yi kawai an damƙi hannunta an fizgo. Daga jirgin alƙalai usur ya tashi, jar tuta ta bi baya.

"Sake ni, Kawu! Me ka yi?"

"Ba kya motsi, 'yar nan."

"Hutawa nake yi! Wa ya ce maka na mutu?"

Alƙalin gasar ya matso da jirginsa, takarda a hannu. "Lamba sha bakwai, an cire ki. Hau jirgi."

Idalia ta dube shi, ruwa na zuba daga hancinta. "Gasar ce taku. Tafkin kuma na uban wa?"

Ta ture gefen kwale-kwalen da ƙafa, ta mai da fuska cikin ruwa. Ƙafar hagu ta ƙi aiki, sai ta ja ta kamar kayan wani. Kowane hannu da ta jefa, da wanda take mari a ranta: alƙalin, kawun, ita kanta da ba ta yi tunanin nuna masa kwanciyar tun a gida ba. Ta wuce 'yan mata biyun da suka sha gabanta lokacin da aka tsayar da ita ba tare da ta kalle su ba.

Ita ta fara taka yashi. Mai agogo ya kau da kai. Aka bar ta tsaye tana rawar sanyi kusa da mai soya wainar masarar da suke kira pupusa, har waɗancan biyun suka iso aka yi musu tafi, aka kira sunayensu.

Lencho ya jawo jirginsa, ya zo da tawul. Bai ba ta haƙuri ba.

"In kin sake kwanciya haka, zan sake ɗauko ki," ya ce. "Gara ki zage ni da in je in tsaya gaban uwarki da gawarki."

Ta fizge tawul ɗin.

"Litinin, ƙarfe shida. Zan kwanta maka rigingine sau ɗari, kana zaune kana kallo, har hannun nan naka ya koyi zama."

"Ba zai koya ba."

"To ka zo da igiya mu ɗaure shi."